Ni da Ɓera a Kwalba Ɗaya

Litinin, 2 ga Oktoba 1972, bayan makaranta

Sista Alfonsa, malamarmu a makarantar coci, ta ce duk yarinyar da ta kai shekara sha biyar ya kamata ta riƙa rubuta abin da ya faru da ita, domin gyaran rubutu da gyaran hali. Ni ba abin da ke faruwa da ni, amma zan gwada.

Sunana Dorota Wojtan, ana ce mini Dottie. A birnin Buffalo muke, mu a saman bene, kakata Busia, mahaifiyar Baba, a ƙasa. Baba da Mama masu bincike ne, ɗakin gwajinsu ɗaya a jami'a. Kafin Kirsimeti Mama za ta koma aiki Winnipeg, birni mai nisa a wata ƙasa. Baba ba zai koma ba. Suna kiran wannan "sabon tsari". Ba wanda ya gaya mini inda ni zan zauna a cikin tsarin. Na taɓa tambaya, a hankali, suka haɗa baki suka ce, "Za mu yi magana." Rabon da su haɗa baki a kan wani abu tun bazara.

Ina lafiya.

Laraba, 4 ga Oktoba, kafin abincin dare

Noreen, wadda muke zama benci ɗaya, ta gaya wa 'yan aji cewa rabina ɓera ne. Ba haka ba ne, kuma tunda na kasa faɗa musu, zan rubuta gaskiyar a nan.

Bara Baba ya ɗebi jinina, ya saya mini ayis kirim. Aka ware fararen ƙwayoyin jinin aka haɗe su da ƙwayoyin ɓera, tawa ɗaya da ta ɓera ɗaya suka zama guda. Suna rayuwa a kwalba cikin wani ruwa mai launin hoda, suna ta hayayyafa. Amfaninsu shi ne ba su iya riƙon kuromosom ɗin mutum ba, wato zarurrukan gado da ke cikin ƙwaya. Na ɓeran suna nan daram, nawa kuwa sai zubewa suke, yau wannan gobe wancan, kamar yadda nake yi da safar hannu. Mama tana duba madubin ƙara girman ƙwayoyi ta ga wane kuromosom ne ya tafi. Baba yana dafa sitacin dankali ya bari ya daskare, ya zuba ruwan ƙwayoyin a ciki ya sa wutar lantarki, kowane sinadarin da ake kira enzayim ya bar layinsa, ya ga wane enzayim ne ya tafi. In kullum tare suke tafiya, an gane ke nan umarnin yin wannan enzayim yana kan wannan kuromosom.

Abin da ya sa aka zaɓe ni, enzayim ɗin da suke bi iri biyu ne. Irin na Mama gudu yake a cikin sitaci, irin na Baba jan ƙafa yake. Ni na gaji duka biyun, layi biyu nake bayarwa. Busia ta ce ba sai an ɓarnatar da dankali ba kafin a san wannan.

Noreen ta ajiye mini cuku a kan littafina, wai abincin ɓera. Na ce na gode, don ban san abin da zan ce ba. Na kuma cinye.

Juma'a, 6 ga Oktoba, da safe

Baba ya koma kwana a ɗakin ɗinkin Busia. Wai bayansa ke ciwo, katifar can ta fi tauri. Babu katifa a ɗakin.

Asabar, 7 ga Oktoba, da la'asar

Na gwada hanyar bincikensu a gida. Ranar da rezar Baba ta bar banɗakin sama, waƙar safe ma ta bari. Ke nan waƙa tana kan reza. Ranar da rediyo ya sauka ƙasa, Mama ta daina cewa a rage murya, kuma ta daina magana gaba ɗaya lokacin karin kumallo. Wannan ban san yadda zan fassara shi ba, ina bukatar ƙarin gwaji.

Ina lafiya.

Talata, 10 ga Oktoba, bayan abincin dare

An yi masifa a ɗakin gwaji. A cikin zuriyoyin ƙwayoyina akwai guda da suke kira Taurin Kai, domin ita kaɗai ce ta ƙi yar da komai: tana riƙe da kuromosom ɗin da suke zargi, na wajen Mama da na wajen Baba, tana kuma ba da layi biyu. Ita suke jira. Ranar da 'ya'yanta suka saki guda, in layi guda ya ɓace tare da shi, aikin shekara biyu ya tabbata. To fumfuna ta shiga kwalabenta ta cinye, saura guda tak. Kuma ba a daskarar da ko kaɗan a ajiye ba.

Busia ta hau sama da tukunyar miyar kabeji, ta ce ko ana tsari ko ba a tsari, a tebur ɗaya za a ci abincinta.

Mama ta ce, "Dokta Wojtan, na ɗauka kai ne mai daskarwa."

Baba ya ce, "Dokta Wojtan, na ɗauka kin ce in daina taɓa miki kaya."

"Kayana na ce. Ban ce kayan aiki ba."

"Ai kwanan nan sai da lauya ake gane bambancin."

Busia ta ce, "Ku ci, miyar ba ta da digiri, ba za ta jira ku ba."

Daga nan suka shiga batun wa zai riƙe kwalbar da ta rage. Mama ta ce ranar Litinin za ta je Winnipeg duba gida, za ta tafi da ita, in ta yi yawa ta aiko masa da rabi. Baba ya ce a bar ta inda ta saba, shi ya aika mata. Mama ta ce shi da ko furen tukunya bai taɓa rayawa ba. Baba ya ce sanyin Winnipeg zai kashe ta tun a filin jirgi. Mama ta ce a cikin rigarta za ta sa ta, a jikin fata, kamar yadda kowa ke yi in zai yi tafiya da ƙwayoyi. Baba ya ce ta yi ƙanƙanta da tafiya, tana bukatar wanda ya san halinta.

Na jira ko za a zo kaina. Har na ajiye cokali don in kasance a shirye. Baba ya dube ni ya ce in miƙo gishiri.

Alhamis, 12 ga Oktoba, da rana

Har yanzu kwalba.

Asabar, 14 ga Oktoba, da yamma, a banɗaki

A yi haƙuri da rubutun.

Na bi Mama ɗakin gwaji kamar kowace Asabar. Ta cika kwalbar Taurin Kai da ruwan hoda har wuya, ta murɗe murfin, ta naɗe shi da tef, ta mayar da ita akwatin ɗumi, sai Litinin. Kwalbar roba ce, shafaffiya, ba ta fi tafin hannuna ba. Da aka kira Mama a tarho, na buɗe akwatin don in yi mata sallama kawai. Na ga an rubuta D.W. a jikinta. Sunana ne. Jinina ne.

Yanzu tana ƙarƙashin hammatata ta hagu, na ɗaure ta da tsohuwar safar Busia. Ba ta da nauyi. In na yi tafiya da sauri tana ɗan yin ƙara, don haka ina tafiya kamar mai bin gawa.

Ban san abin da zan yi da ita ba. Ban yi tunani har can ba.

Lahadi, 15 ga Oktoba, bayan coci

Ba a kwanciya ta hagu. Ba a wanka, sai goge jiki da hannu ɗaya. A coci Busia ta ce, "Dorotka, wa kike riƙe wa jarida a hammata?" Na ce sanyi nake ji. Ta taɓa goshina, ta dube ni, ta ci gaba da jan carbinta.

Da rana Mama ta leƙa ɗakin gwaji ta dawo fuskarta ta yi fari fat. Ta tsaya a kan matakala ta kira ƙasa.

"Kaz, ban zaci za ka yi haka ba."

Baba ya leƙo da tawul a wuya. "Me na yi kuma, Lenore?"

"Ka san abin da ka yi."

Da ya fahimta, ya ce, "Wayo ne mai kyau. Ki ɓoye ta a jakarki, ki zo ki tsaya a matakala kina tuhumata. Da na san kin iya wasan kwaikwayo da na riƙa sayen tikiti."

Ina tsaye tsakaninsu a matakalar, da kwandon wanki a hannun dama. Duk suka matsa mini in wuce.

Ina lafiya. Ita ma launinta hoda ne.

Litinin, 16 ga Oktoba, bayan makaranta

Mama ta fasa tafiya. Ta ce ba inda za ta sai an fito mata da kwalba. Ban shirya haka ba, amma da na ji ta a kicin da safe tana neman murfin tukunya sai na daɗe a bakin ƙofa.

Yau ranar motsa jiki. Na ce wa Sista Alfonsa ba ni da lafiya. Ta ce, "Wojtan, ciwon na wata ne ko na lalaci?" Na ji kunya har kunnuwana suka yi zafi, ta ce in shiga fili. Aka sa ni ƙwallon raga. Na buga da hannu ɗaya, na hagu a manne da jiki. Abin mamaki, na fi kullum iyawa. Sista ta ce, "Ashe hannun hagun ne matsalarki duk shekarun nan."

A ɗakin canja kaya Noreen ta ji ƙarar ruwa. Ta ce, "Dottie, cikinki ne ko giya kika fara sha?" Na nuna mata, bayan ta rantse. Ta ɗaga kwalbar wajen taga, na ce ta yi sauri kada ta huce.

"Ina ɓeran?"

"Ba a gani da ido."

"To ke ina kike?"

"Ni ma ba a gani."

Ta mayar mini, ta taya ni ɗaure safar. Ta ce, "Lokacin da babana ya tafi, kare suka yi wa faɗa. Karen ma ba ya son kowa a cikinsu." Ban san babanta ya tafi ba, shekara uku muna benci ɗaya. Ta sake ba ni cuku, amma wannan karon rabin nata ne.

Talata, 17 ga Oktoba, da safe

Kwalbar ta fara komawa ruwan lemo daga ruwan hoda. Na san ma'anarsa: abincinta na ƙarewa. In ta zama rawaya sosai, ta mutu.

Talata, da la'asar

Yau Fada, limamin cocinmu, ya zo makaranta sauraron masu faɗin zunubi. Na shiga na durƙusa a karkace.

Na ce, "Fada, na ɗauki abin da ba a ba ni ba."

"Na wane ne?"

"Nawa ne."

"To ai ba sata ba ce, 'yata."

"Rabinsa na ɓera ne."

Sannan ya ce, "Ɓeran ya yi ƙorafi?" Na ce a'a. Ya tambaya ko akwai wanda abin ya cutar. Na ce iyayena suna zargin juna. Ya ce da ba sa yi? Na ce suna yi, amma a kan wasu abubuwan. Ya ce in mayar da shi, in kuma gaya musu dalilin da ya sa na ɗauka, domin mayarwa kawai aikin ɗan aike ne. Na ce ban iya magana ba. Ya ce ai ga shi na iya sa shi ciwon kai.

Laraba, 18 ga Oktoba, kafin abincin dare

Baba ya bincike motar Mama. Mama ta bincike ɗakin ɗinki, ta ga babu katifa, ta tsaya tana kallon bargunan da ya shimfiɗa a ƙasa. Daga baya na ga matashinsa na sama ya sauka. Ban san a kan wane kuromosom zan ɗora wannan ba.

Busia ta kira ni in taya ta naɗe pierogi, ƙullun fulawa da ake cusa wa dankali a dafa. Muna cikin yi ta rungume ni ba zato, ta ɗan matsa gefen hagu, ta sake ni.

"Safata ce wannan."

"Eh, Busia."

"Ta ranar Lahadi."

"Ki yi haƙuri."

"'Yar ɓerata, ke kika haifi kanki kuma ke kike goyo?" Ta ci gaba da matse bakin ƙullu. "Ni ban ga komai ba. Amma duk abin da aka goya sai ya ci abinci. Kin iya ba ta?"

Ban iya ba. Baba ne ke haɗa ruwan, shi kaɗai ya san gwargwadon. Mama ce ke da hannun canjawa ba tare da fumfuna ta shiga ba. Na gaya mata haka. Ta ce, "To gobe zan hau da miya."

Na rubuta jawabi mai gabatarwa da dalilai da kammalawa, kamar yadda aka koya mana. Na haddace shi.

Alhamis, 19 ga Oktoba, da safe

Saura kaɗan ta zama rawaya.

Juma'a, 20 ga Oktoba, da rana, ban je makaranta ba

Jiya da aka zauna cin abinci na tashi tsaye, domin jawabi a tsaye ake yi. Na sa hannu ta wuyan riga, safar ta maƙale, sai da Busia ta zo ta kwance mini ta baya. Na ajiye kwalbar kusa da gishiri.

Ba wanda ya motsa. Sannan hannaye biyu suka miƙo lokaci ɗaya. Na dafe ta.

Na buɗe baki, jawabin ya tafi, har gabatarwar. Abin da ya fito shi ne, "Ita kun yi faɗa a kanta. Ni ko faɗa ba ku yi a kaina ba."

Baba ya cire tabarau ya shiga gogewa da gefen rigar tebur. Mama ta dubi kwalbar, ta dube ni, ta sake duban kwalbar, na ga tana so ta ce ta yi rawaya amma ta danne. Na yaba mata.

Baba ya ce, "Dottie, ba mu so mu sa ki zaɓa ne."

Na ce, "Ba ku tambaye ni ko ina so in zaɓa ba."

Mama ta ce, a hankali, "In na tambaya, kina iya cewa shi."

Baba ya ce, "Ni na tabbata ke za ta ce. Shi ya sa na yi shiru."

Busia ta ce, "Digiri huɗu a tebur ɗaya."

Akwai abin da aka faɗa bayan wannan wanda ba zan rubuta ba. Wani ya yi kuka, ba ni kaɗai ba. Sannan Mama ta juya kujerarta ta fuskance ni ta ce, "To me kike so?"

Na ce ina so in gama wannan ajin a nan, wajen Baba da Busia, saboda Noreen da kuma ƙwallon raga. Ina so in yi Kirsimeti da dukan hutun bazara a Winnipeg, a ɗaki nawa, ba a kujerar falo ba. Baba ya ce, "Bayan bazara fa?"

Na ce, "Za mu yi magana."

Ban yi niyyar ba da dariya ba, amma Busia ta ƙware da miya.

Muka tafi ɗakin gwaji a mota ɗaya, kwalbar a hammatata, don Mama ta ce kada a canja mata wurin da ta saba. Baba ya ɗumama ruwa, Mama ta wanke hannu har gwiwa. Yana miƙa mata abu tun kafin ta nema. Ba su ce wa juna Dokta ba sai da muka dawo mota. Mama ta duba madubi ta ce da yawa sun mutu, amma akwai masu rai a gefe guda, sun taru wuri ɗaya. Ta ce in leƙa. Na gan su, kamar duwatsun daɓe. Ba su yi kama da ni ba, ba su yi kama da ɓera ba.

An hana ni fita na mako biyu. Da ma ba inda nake zuwa.

Lahadi, 5 ga Nuwamba, da rana

Taurin Kai ta warke, an raba ta kwalba biyu, an daskarar da saura. Su biyun suka tsaya a kan daskarwar, kowa na sa wa ɗan'uwansa ido. Ni zan kai wa Mama tata lokacin Kirsimeti, tunda a cewar Baba babu wanda ya kai ni ƙwarewa a duk jihar. Busia ta ce ta bar mini safar.

Akwatunan Mama sun fara taruwa a falo. Ba a fasa sabon tsarin ba. Na rubuta wannan ne don in daina sa rai duk lokacin da na ji su suna dariya a kan matakala.

Talata, 21 ga Nuwamba, bayan abincin dare

Sun dawo tare, da dusar ƙanƙara a kafaɗa, Baba riƙe da kek. Ɗaya daga cikin 'ya'yan Taurin Kai ta saki kuromosom guda, kuma layi guda ya ɓace daga sitaci. Abin da suke jira ke nan. Za su rubuta takardar bincike da sunayensu biyu, suna ta gardama a kan wanda zai zo farko.

Mama ta ce a madubi ba a gane na wa ya tafi, domin nata da nasa kamarsu ɗaya. Sai a sitaci ake gani, ko mai gudu ne ya rage ko mai jan ƙafa. Ita ma ba ta tambayi Baba wanne ne ba tukuna. Baba ya ciro hoton sitacin daga aljihu, ya buɗe baki.

Na ce, "Kada ka faɗa."

"Ai ba ya nufin komai, Dottie. Sa'a ce kawai, kamar jefa kwabo."

"Na sani. Kada ka faɗa."

Ya dubi Mama. Mama ta ce, "Ka ji abin da ta ce." Ya mayar da hoton aljihu. Fuskar Baba ba ta iya ɓoye komai, don haka na ci kek ɗina ina kallon faranti, Busia kuma ta sa shi ya juya kujerarsa ya fuskanci firji har aka gama.

Da nake wanke kwanuka Mama ta zo ta ɗauki tawul ta tsaya kusa da ni. Ta ce, "Kina lafiya?"

Na ce, "A'a."

Ta ajiye tawul ɗin, ta kashe famfo, ta jawo kujera biyu.